Ƙarko: Ma'anar Kalmar da Inda Ta Samo Nauyinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta Kano ya ji tambayar da mata ke yi bayan an gama maganar launi da zane, kafin a shiga ciniki: "Tana da ƙarko kuwa?" Abin da ake nufi da ƙarko shi ne abu ya daɗe ana amfani da shi, ana wanke shi, rana tana dukansa, hannu yana gogarsa, amma bai koɗe ba, bai yage ba, bai kuma daina yin aikin da aka saye shi dominsa ba. Sharaɗin yin amfani da abin yana da muhimmanci ƙwarai a cikin wannan ma'ana, domin zanen da aka naɗe aka ajiye a ƙasan adaka shekara ashirin ya daɗe ne kawai, ba wanda zai ce ya yi ƙarko tun da ba a taɓa gwada shi ba.

Kunne yana saurin haɗa ƙarko da ƙarfi da ƙarfe saboda kamar da ke tsakanin sautinsu, amma a nahawu kalmar ba ta bin hanyar 'yan uwanta. Daga ƙarfi ana samun ƙaƙƙarfa, daga ƙwari ana samun ƙwaƙƙwara, kamar yadda zafi yake ba da zazzafa, alhali ƙarko ba ya ba da siffa irin wannan. Sai dai a ce abu mai ƙarko, ko kaya masu ƙarko, ko marar ƙarko, ko kuma a ce abu ya yi ƙarko. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan hankalina, domin yana ɗaukar ƙarko a matsayin abin da kaya ke yi a hankali cikin shekaru. Ana iya gane ƙarfi da ƙwari nan take ta hanyar ɗagawa ko ƙwanƙwasawa. Farantin tangaran yana da tauri, amma faɗuwa ɗaya ta ishe shi, yayin da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda aka jeme da bagaruwa, take da laushi kamar ƙyalle kuma take kai shekaru masu yawa tana bangon littafi ko gafakar Alƙur'ani.

A ganina, kalmar ta samo nauyinta ne daga sana'o'in hannu, inda sunan mai sana'a yake rataye a kan daɗewar abin da ya yi. Marinan Ƙofar Mata suna tsoma zane a cikin baba sau da yawa, suna fito da shi ya sha iska, suna mayarwa, domin shuɗin ya kama zare sosai. Magina kuwa sun zaɓi azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, sannan suka riƙa shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwan damina ya zame bai ci ƙasar ba. Da irin wannan ilimi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, kuma bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu riƙe rufi, suna nan tsaye har yau.

Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙara fito da wani ɓangare na ma'anar da mutane kan manta. An fara gina ta a 1515, aka sake gina ta a 1844, tsayinta ya kai mita 27, kuma da ƙasa aka yi ta. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne matakan da magina ke hawa idan lokacin yaɓe ya yi. Wato tun ranar gini an riga an tanadi hanyar gyara, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar gyara a matsayin abin da ke rage ƙarko ba. Abin da ke karɓar gyara ya koma aiki, shi ne ma ya fi cancantar wannan suna. Wannan ne dalilin da ya sa keken Raleigh da keken ɗinkin Singer da motar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, suka zama abin misali a bakin dattawa: kowane bakanike ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu suna kasuwa.

Daga kaya kalmar ta ƙetara zuwa zamantakewa, har ana cewa aure ya yi ƙarko, ko abota ba ta yi ƙarko ba. A rubutun jarida kuwa ɗorewa ce ta fi yawa a wannan fage, kamar zaman lafiya mai ɗorewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu talla suke liƙa ƙarko a jikin kayan da jiya aka sauke su daga kwantena, suna cuɗa shi da inganci da nagarta kamar duk abu ɗaya ne. Inganci yana magana ne a kan kyawun aiki da kayan haɗi, ana kuma iya duba shi a shago, amma ƙarko sai an koma gida an sha wanki. Shi ya sa mata masu sanin kan atamfa suke murza gefenta su ji ko kauri ne na gaske ko sitaci, suna tuna cewa araha ba ta ado. Ɗan kasuwa mai gaskiya ma, idan aka tambaye shi ƙarkon sabon yadi, yakan ce, "Hajiya, wannan bana ya shigo, amma ga wancan, shekara biyar ina sayar da shi ba a taɓa dawo mini da ƙorafi ba."