Waiwaye: Wa ke biyan marubuci idan an ari littafinsa a laburare?

Kwafi guda na littafi a laburaren jama'a yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage, a liƙe shi da gam, a mayar kan kanta. Duk wannan zirga-zirga, marubucin sau ɗaya tak ya ga ladansa, wato ranar da laburaren ya sayi kwafin. Nan ne tushen taƙaddamar.

Dokar haƙƙin mallaka ta farko, wadda Birtaniya ta kafa a 1710 zamanin Sarauniya Anne, ta hana buga littafi ba tare da izini ba, amma ba ta ce uffan kan aro ba. Abin da ka saya naka ne, in ka so ka sayar, in ka so ka ba da aro. A kan wannan ƙa'ida Amurka take tafiya, shi ya sa har yau marubutanta ba sa samun komai daga aron laburare.

Denmak ce ta fara sauya lale a 1946, ta soma biyan marubuta kan littattafansu da ke laburare, Nowe ta biyo baya a 1947, Suwidin a 1954. Kuma ba banza ba: masu karatu da harsunansu ba su da yawa, in laburare ya ɗauke rabin kasuwar, me ya rage wa mai alƙalami? Don haka tun farko tsarin ya fi kama da tallafin raya harshe.

A Birtaniya kuwa an sha fama. A 1951 marubuci John Brophy ya kawo shawarar mai aro ya riƙa biyan peni ɗaya kan kowane littafi. Ma'aikatan laburare suka ce allambaran, karatu kyauta shi ne ran aikinsu. A ganina suna da gaskiya, don talaka ne zai fara ja da baya. Maganar ta yi ta jan ƙafa har 1972, lokacin da 'yarsa Brigid Brophy da Maureen Duffy suka haɗa marubuta suka matsa wa majalisa lamba. An yi doka a 1979, kuɗin farko suka fita a 1984, daga baitulmali, ba daga aljihun mai karatu ba. Ana ƙirga yawan aro a wasu zaɓaɓɓun laburarori, a ƙiyasta na ƙasa baki ɗaya, sannan ba wanda zai karɓi fiye da fam 6,600 a shekara, don kada shahararru su cinye tukunyar.

Jamus ta bi wata hanya a 1972, ta saka biyan cikin dokar haƙƙin mallaka kanta. Bambancin ba ƙarami ba ne. In haƙƙi ne, baƙon marubuci ma yana da rabo bisa Yarjejeniyar Bern ta 1886 kan kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe. In tallafi ne, gwamnati ke zaɓar wanda za ta ba, tana kuma iya rage shi duk shekarar da kasafi ya matse. Umarnin Tarayyar Turai na 1992 ya amince da haƙƙin, amma ya bar wa ƙasashe ƙofar keɓe wasu cibiyoyi daga biya.

Sai ga littafin intanet, wanda ba ya yagewa balle a sayi sabo. A 2016 kotun Tarayyar ta yanke cewa aronsa, kwafi ɗaya ga mutum ɗaya a lokaci guda, yana iya shiga tsarin aron littafin takarda. Birtaniya ta shigar da irin wannan aro daga gida cikin lissafinta a 2018.