Waiwaye: Yadda Itatuwan Gida Suka Zama Baƙi a Birnin Kano

Duk wanda ya hau adaidaita sahu a Kano zai ji ana kiran Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Durumin Iya. Sunayen unguwanni ne, amma asalinsu itatuwa ne. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sunanta ya nuna abin da ke wurin kafin rumfuna.

A da, ba don ado kawai ake barin itace ba. Gindin ceɗiya ko durumi shi ne majalisar dattawa, nan wanzami ke shimfiɗa tabarma, nan almajirai ke jingine alluna. Kuka ta ba da miya, ɗorawa daddawa, tsamiya kunu. Majema na neman bagaruwa, magina na neman azarar giginya.

Bayan shigowar Turawa a 1903 aka fara jera itatuwa a bakin titi bisa tsari, musamman a unguwar Nasarawa. Darbejiya, wadda asalinta ƙasar Indiya ce, ta shigo Najeriya ta Borno a 1928, daga nan ta bazu. Itacen turare kuwa daga Ostareliya ya fito. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara musu kasuwa, domin ana neman abin da zai tashi da sauri ya tare iskar hamada. Gaskiya darbejiya ta yi mana rana, babu mai musun haka. Kuskuren shi ne da aka mayar da ita kamar ita kaɗai ce bishiya.

Yanzu abin ya wuce nan. Shiga sabbin rukunin gidaje ka gani: an malale tsakar gida da siminti, an jera dogayen itatuwan ƙawa sirara a jikin katanga, waɗanda ko akuya ba za ta samu inuwarsu ba a zafin Afrilu. Wannan yana damuna ƙwarai.

Masu cewa na gida suna jinkirin girma da gaskiyarsu, kuma saiwar rimi ko kuka ba ta lungu ba ce. Amma shataletale, harabar makaranta da filin idi suna da faɗin da za su ɗauke su. Maɗaci da tsamiya sun dace da bakin titi, kurna ta isa ƙofar gida. Gawo ma, da yake da rani yake fitar da ganye, yana ba da inuwa daidai lokacin da garin ke ƙuna.