Gyaran unguwa ba ya kai wa talaka arziki da kansa

An daɗe ana cewa idan aka gyara tsohuwar unguwa, aka kafa gidan tarihi ko dandalin wasanni, arzikin zai gangaro har ƙofar talaka. Ba haka abin yake ba.

A 1981 aka kafa hukumar raya tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Landan. Bankuna suka tare a Canary Wharf, wani yanki na tsohuwar tashar, dogayen benaye suka tashi. Amma Tower Hamlets, gundumar da benayen suke, ta shafe shekaru cikin wuraren da yara suka fi fama da talauci a Ingila.

Da zarar unguwa ta yi kyau, kuɗin haya sai ya hau. Mai gida ya ci riba, ɗan haya ya tattara komatsansa ya koma bayan gari. Manyan ayyukan kuma masu takardu daga nesa suke samu. Abin da ya fi ci min rai shi ne, alƙaluma sukan nuna talauci ya ragu, alhali talakawan ne suka tashi.

Mazauna sukan amfana ne idan an ware musu gidaje masu rahusa tun kafin rusau, an kuma koya wa matasansu sana'ar da sababbin ayyukan ke bukata.