Waiwaye: Wa'adin Daina Ƙona Iskar Gas da Ya Ƙi Cika Tun 1984

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da rijiyoyin mai a jihohin Delta, Ribas ko Bayelsa ya san wutar nan. Wani wuri dogon bututu ne a tsaye, wani wuri a kwance yake cikin rami da aka kewaye da ƙasa, harshen wuta na ci a bakinsa dare da rana, rani da damina. Akwai ƙauyukan da yara suka tashi, suka yi aure, suka haifi nasu 'ya'yan, wutar ba ta taɓa mutuwa ba. Mata sukan shanya rogo a gefenta saboda zafinta ya fi na rana saurin busarwa, duk da hayaƙin da suke shaƙa. Idan ana maganar sauyin yanayi da komawa ga makamashi mai tsafta a Najeriya, a ganina daga wannan wuta ya kamata a fara, domin ita ce alkawari mafi tsufa da ƙasar ta ɗauka a wannan fanni, kuma har yau ba ta cika shi ba.

Ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai. A ƙarƙashin ƙasa yana gauraye da iskar gas, idan aka zuƙo shi sama sai iskar ta rabu da shi. Daga nan zaɓi uku ne: a tara ta a sayar, a mayar da ita cikin ƙasa, ko a cinna mata wuta. Na biyun farko suna buƙatar injuna da bututu da kuɗi mai yawa, na ukun kuwa kusan kyauta ne. Lokacin da kamfanin Shell-BP ya samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, babu kasuwar gas a cikin gida, babu kuma dokar da ta hana ƙonawa. Sai aka ɗauki hanya mai sauƙi, aka gina dukkan harkar man a kanta.

Gwamnatin Gowon ce ta fara taɓa batun a 1969, cikin ƙa'idojin haƙar mai da ta fitar. Abin da aka nema a wurin kamfanoni shi ne, cikin shekara 5 da fara haƙa su kawo bayanin yadda za su amfana da iskar. Ba a tanadi wani hukunci ba, don haka babu wanda ya damu. Sai a 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar mayar da gas cikin ƙasa, wadda ta ce daga 1 ga Janairun 1984 ba wanda zai ƙara ƙona gas sai da rubutaccen izinin ministan mai. Hukuncin da ta tanada mai tsanani ne, har da ƙwace filin haƙar daga hannun kamfanin da ya saɓa.

Nan ne aka yi kuskuren da ya biyo mu har yau. Da ranar ta zo, kamfanonin ba su shirya ba, gwamnati kuma ba ta da niyyar rufe rijiyoyin da take cin abinci da su, ga farashin mai ya faɗi, ga bashi ya yi katutu. Sai aka fitar da sababbin ƙa'idoji da suka fara aiki a 1985, waɗanda suka tsame fiye da rabin filayen mai daga haramcin. Sauran kuma aka ce su biya tarar kobo 2 a kan kowace ƙafa kubik 1,000 ta gas da suka ƙona. Daga baya aka ɗaga zuwa kobo 50, sannan naira 10 a 1998. Duk ɗan kasuwar da ya zauna ya yi lissafi zai ga biyan tara ya fi gina masana'antar tara gas araha nesa ba kusa ba. Har ma kamfanonin sun riƙa lissafa kuɗin a cikin abin da suka kashe wajen aiki, su cire shi kafin biyan haraji.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Manyan rijiyoyin na haɗin gwiwa ne, kuma kamfanin mai na ƙasa, NNPC, shi ke da kaso mafi girma, 55 ko 60 cikin 100. Ke nan duk aikin tara gas da za a yi, gwamnati ce za ta biya fiye da rabin kuɗinsa. Shekara da shekaru tana gaza biyan nata kason a kan lokaci, kamfanonin waje kuma suna fakewa da hakan. Mai sa doka shi ne babban abokin tarayyar mai karya ta. Ban ga yadda za a fahimci tarihin nan ba tare da riƙe wannan a zuci ba.

Mutanen yankin ba su yi shiru ba. Ƙungiyar MOSOP ta Ogoni ta sa gurɓatar ƙasa da iska a gaban koke-kokenta tun 1990, kuma an san yadda gwamnatin Abacha ta rataye jagoranta Ken Saro-Wiwa da mutum 8 a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995. Bayan shekara 10, a Nuwamban 2005, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar a madadin mutanen Iwherekan na jihar Delta a kan Shell da NNPC. Kotun ta ce ƙona gas a garin ya saɓa wa 'yancin rayuwa da mutuncin ɗan Adam da tsarin mulki ya tanada, ta kuma umarci a daina. Hukunci ne da lauyoyin muhalli a duniya suke kafa hujja da shi har yanzu, amma a Iwherekan wutar ta ci gaba da ci.

Wa'adi kuwa an yi ta sa shi ana ɗagawa: 2004, 2008, 2010, sai 2020 da manufar gas ta ƙasa ta 2017 ta ambata. Yanzu ana maganar 2030, bisa shirin Bankin Duniya na kawo ƙarshen ƙona gas na yau da kullum, wanda Najeriya ta shiga a 2016.

Adalci ne a faɗi cewa ƙonawar ta ragu ƙwarai, sai dai ba tsoron doka ne ya rage ta ba. Kasuwa ce. Kamfanin NLNG, wanda aka kafa a 1989, ya fara fitar da daskararren gas daga Bonny a 1999, sai iskar da ake ƙonawa ta zama haja mai kawo dala. Chevron ya buɗe nasa aikin a Escravos a 1997. An shimfiɗa bututu ta teku zuwa Jamhuriyar Benin da Togo da Ghana, tashoshin lantarki irin su Egbin da Afam suna amfani da gas, masana'antun taki ma haka. A farkon shekarun 2000 Rasha kaɗai ke gaban Najeriya wajen ƙona gas. Ƙididdigar Bankin Duniya, wadda ake yi da tauraron ɗan Adam, ta nuna cewa zuwa 2020 abin ya sauko zuwa kusan mita kubik biliyan 7 a shekara, raguwar kusan kashi 70 cikin 100 a shekara 15. Duk da haka ƙasar na nan cikin goman farko a duniya. Abin da ya rage kuma shi ne mafi wuya: ƙananan rijiyoyi a warwatse cikin fadama da ruwa, nesa da bututu, inda babu ribar da za ta ja babban kamfani.

Ta fuskar yanayi, ɓarnar iri biyu ce. Wutar na fitar da iskar kabon, sannan ba ta cinye gas ɗin duka. Wanda ya kuɓuce, wato mitan, ya fi kabon riƙe zafi fiye da sau 80 a cikin shekara 20 na farko. Shi ya sa masana ke cewa kashe irin waɗannan wutace na daga cikin hanyoyi mafi sauri da araha na rage ɗumamar duniya. Lokacin da Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2016, Najeriya ta yi alkawarin rage hayaƙinta da kashi 20 cikin 100 da ƙarfin kanta, ko 45 idan ta samu tallafi, kuma daina ƙona gas na cikin manyan ginshiƙan alkawarin.

Daga 2018 ne dokar ta fara yin haƙori. Sababbin ƙa'idoji sun mayar da tarar dala 2 a kan ƙafa kubik 1,000 ga kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, rabin dala ga ƙanana, suka kuma ba gwamnati ikon karɓe gas ɗin da za a ƙona ta ba wani ya sarrafa. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta hana cire tarar daga haraji, ta ce a kashe kuɗin wajen gyara muhallin garuruwan da abin ya shafa. A shekarar ce Buhari ya sanar a taron duniya kan sauyin yanayi na Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A Agustan 2022 Osinbajo ya ƙaddamar da shirin sauya makamashi, wanda ya ƙiyasta buƙatar kusan dala biliyan 10 a kowace shekara, ya kuma ɗauki gas a matsayin gadar da za a taka kafin a kai ga hasken rana da sauran makamashi masu sabuntuwa.

Wannan matsayi ya jawo ja-in-ja da Turai. Bankin zuba jari na Tarayyar Turai ya yanke a 2019 cewa zai daina ba ayyukan mai da gas rance, a Glasgow kuma ƙasashe da dama sun yi irin wannan alkawari. Najeriya ta ce ba a yi mata adalci ba, tunda Afirka duka ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, sai ga jami'an Turai a Abuja suna neman ƙarin gas, aka kuma farfaɗo da maganar bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya. Ina tare da hujjar Najeriya a nan, amma tana raunana matuƙar wanda ke neman rancen haƙo sabon gas yana ƙona wanda ke hannunsa.

Mu a Arewa abin ya shafe mu kai tsaye, ko da wutar tana can nesa. Gas ɗin girki da ake cika tukunya da shi a Kano ko Gusau, daga irin wannan iska ake tace shi. Mafi yawan gidajenmu da itace da gawayi suke girki. An janye tallafin kananzir a 2016, mutane da yawa a birane suka koma gas, sai kuma farashinsa ya haura naira 1,000 a kilo bayan faɗuwar naira daga 2023, aka sake komawa murhun gawayi. Dubi motocin itace da ke shiga biranenmu kowace safiya, ka tuna cewa jihohi 11 na Arewa ne ake dashen bishiyoyi a cikinsu don tare hamada. Ana shuka da hannun dama, ana sarewa da na hagu, kuma ba laifin matar da ke hura wuta ba ne, domin ba ta da wani zaɓi. Ita ce ma ke shaƙar hayaƙin, da goyon da ke bayanta.

Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, shi ne aka ce zai kawo gas ga tashoshin lantarki da masana'antun Kakuri da Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda tsadar makamashi na cikin abin da ya durƙusar da su. An sha ɗaga ranar kammala shi. Ko ya kammala, sai an samu isasshen gas da za a tura ciki, wannan kuma ya sake mayar da mu ga rijiyoyin Neja Delta.

Can ɗin ma hannu ya sauya. A 2023 hukumar NUPRC, mai sa ido kan haƙar mai, ta ba kamfanoni 42 damar sarrafa gas daga wuraren ƙonawa 49, ƙarƙashin shirin da aka fara tun 2016 ya yi ta tafiyar hawainiya. Sannan manyan kamfanonin waje sun sayar da rijiyoyinsu na kan tudu da na bakin teku: na Eni sun koma hannun Oando, na ExxonMobil hannun Seplat a 2024, na Shell kuma hannun Renaissance a 2025. Da yawa daga cikin tsofaffin bututu da tsofaffin wutace yanzu na kamfanonin cikin gida ne, waɗanda ba su da jarin waɗanda suka tafi, kuma rance ya fi yi musu tsada. Su ne za a tambaya a 2030, tare da NNPC da har yanzu ke riƙe da kaso mafi girma a waɗannan filaye.