Darar Ces a Na'urorin Wasan Bidiyo na Farko

Darar ces, wadda ake kira chess da Turanci, tana cikin wasannin da suka fi wahalar da masu tsara manhaja a zamanin na'urorin wasan bidiyo na farko, waɗanda ake jona su da talabijin a gida, domin wasa ce mai buƙatar dogon lissafi, alhali ƙwaƙwalwar na'urorin ba ta taka kara ta karya ba.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Video Chess, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a shekarar 1979 don na'urarsa ta VCS, wadda daga baya aka sa wa suna Atari 2600. Larry Wagner da Bob Whitehead ne suka tsara shi. Tun da na'urar ta shiga kasuwa a 1977 akwai hoton dokin ces a jikin kwalinta, ga shi kuwa a lokacin kamfanin ba shi da kaset ɗin wannan wasa.

Ma'adanar aiki ta na'urar, inda take ajiye bayanai yayin da take lissafi, bayit 128 ce kacal (bayit ɗaya yana ɗaukar kimanin harafi ɗaya ne), kuma a cikinta ne za a riƙe matsayin 'ya'yan dara 32 a kan gidaje 64, a kuma yi lissafin motsin da ke tafe. Manhajar gaba ɗaya ta shiga kaset mai kilobayit 4. Zana allon ma sai da aka yi dabara, saboda na'urar ba ta iya jera siffofi takwas a sahu ɗaya. Whitehead ya yanka kowace siffa sala-sala, yana zana wasu 'ya'yan a wani layin haske, sauran a layin da ke biye, shi ya sa suke fitowa da ratsi-ratsi. Wannan dabara ta cancanci yabo, domin ta sa na'urar ta yi abin da ba don shi aka ƙera ta ba.

Da yake ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke zana hoto kuma take lissafi, allon yakan ɓace idan na'urar tana tunani, sai launuka su riƙa walƙiya a talabijin. Wasan yana da matakai takwas. A mataki na 1 amsa takan zo cikin daƙiƙoƙi, a na 7 kuwa mai wasa yana iya jiran sa'o'i 10 kafin motsi ɗaya.

Sauran kamfanoni sun gwammace ƙara kayan aiki. Kaset ɗin ces mai suna Schach da kamfanin SABA ya sayar a Jamus don samfurinsa na na'urar wasa ta Channel F yana ɗauke da ƙarin ma'adana, haka ma kaset ɗin USCF Chess na na'urar Intellivision. Kamfanin Philips kuwa ya ƙera wa na'urarsa ta Videopac G7000 wani akwati na dabam mai suna C7010, mai ƙwaƙwalwar kansa, wanda ake jonawa da na'urar don ya ɗauke mata nauyin lissafin.