Matsalolin ido a cututtukan kaluluwa da ba a cika gani ba

Akwai wasu cututtukan kaluluwa da likita kan daɗe yana aiki bai ci karo da su ba, kuma sukan taɓa ido, wani lokaci ma tun kafin wuya ya kumbura. Wadda ta fi shiga ido a cikinsu ita ce cutar Rosai-Dorfman. Likitan Faransa Pierre Destombes ne ya fara bayyana ta a 1965, sannan Juan Rosai da Ronald Dorfman suka fayyace ta a 1969. Ta fi kama yara da matasa. Alamarta ita ce kaluluwar gefen wuya biyu ta yi girma sosai ba tare da ciwo ba, ga zazzaɓi.

Idan ta shiga kwarmin ido, sai wani tsiro mai tauri ya taru a baya yana turo ƙwayar ido waje a hankali. Fatar ido ta yi nauyi ta sauko, mara lafiya ya riƙa ganin abu biyu-biyu. In tsiron ya danne jijiyar gani, gani kan ragu, kuma jinkiri a nan na iya jawo makanta ta dindindin. Wasu kuma kumburin cikin ido suke samu, ido ya yi ja, ya ƙi haske.

Cutar Kimura, wadda ta fi yawa a samarin Asiya, takan kumbura fatar ido ko wurin da hawaye ke fitowa. Cutar Kikuchi-Fujimoto, da aka bayyana a Japan a 1972, kan haddasa kumburin cikin ido jifa-jifa. Ita kuwa cutar Castleman takan zo da wani ciwon fata mai kwailaye baki da farin ido har ya bar tabo.

Babban haɗarin shi ne duk suna kama da tarin fuka ko sankarar kaluluwa. Hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura a asibiti na nuna girman tsiron, amma sai an yanki ɗan nama an duba a ɗakin gwaji ake tabbatar da cutar. Bai dace a ɗora yaro kan maganin tarin fuka na wata 6 bisa zato kawai ba.

Rosai-Dorfman kan lafa da kanta idan a kaluluwa kaɗai ta tsaya. In ta yi barazana ga gani, ana ba da maganin rage kumburi na sitiroyid, a yi tiyata a rage tsiron, ko a gasa tsiron da hasken na'ura. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin cobimetinib ga manya masu ita.