Tsohon Zauren Majalisar Garin Michelstadt

Zauren majalisar garin Michelstadt, wanda Jamusawa ke kira Rathaus, gini ne na katako da ke tsaye a bakin dandalin kasuwar garin, a yankin tsaunukan Odenwald na jihar Hessen a ƙasar Jamus. An gina shi a shekarar 1484, kuma ana lissafa shi cikin fitattun gine-ginen katako na ƙasar.

Tarihi

Sunan garin ya fara bayyana a rubuce a shekarar 741, kuma a lokacin da aka kafa zauren yana ƙarƙashin ikon gidan sarautar Erbach. Shekarar ginin tana sassaƙe a jikin katakon da tsohon salon rubuta lambobi, inda lamba 4 take kama da rabin lamba 8, abin da kan rikita baƙo a karatun farko. Sunan maginin bai zo a wata takarda ba. Wasu masana na kyautata zaton cewa shawarar ginin ta fito ne daga Georg na Ɗaya na Erbach da mashawarcinsa Johann von Dalberg, bishop na birnin Worms, sai dai zancen bai wuce zato ba.

Daga 1743 zuwa 1903 an lulluɓe bangayen da ƙananan falankan katako irin waɗanda ake jerawa kamar ɓawon kifi don kare gini daga ruwan sama, don haka tsawon shekara 160 mutanen garin ba su ga ƙirar da ta sa ake yabon zauren a yau ba. An kuma sha sauya fasalin cikinsa.

Tsarin gini

Salon ginin na ƙarshen zamanin Gotik ne, wani tsohon salon gine-ginen Turai, kuma an yi shi da dabarar da ake kira Fachwerk, wato a haɗa ƙashin gini da gumagumai, na tsaye da na kwance da na karkace, a sarƙe su da juna, sannan a cike tsakaninsu da yaɓe, ta yadda katakon ne ke ɗaukar nauyi, bangon kuwa sutura ce kawai. Masassaƙan ba su bar ginshiƙi ɗaya ya miƙe daga ƙasa har rufi ba, kamar yadda aka saba a tsohuwar hanya. Kowane hawa an haɗa shi da kansa, aka ɗora na sama a kan gungumen da ya ɗaure kawunan ginshiƙan na ƙasa.

Hawan ƙasa buɗaɗɗiyar rumfa ce a kan manyan ginshiƙan itacen ok, kuma tun farko kasuwa aka nufa da ita, domin 'yan kasuwa su baje haja ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Bangon baya, na gabas, asalinsa wani ɓangare ne na katangar maƙabartar cocin garin, wanda magina suka tarar a tsaye suka aza katakon a kansa. Wannan ne ya sa zauren ya matsu da cocin har hasumiyar cocin ke leƙowa ta bayan rufin.

A hawan sama ne majalisar gari ta riƙa zama a da. Fuskar da ke duban kasuwa tana da ƙananan hasumiyoyi biyu da suka ɓullo daga kusurwoyin benen, kowace da rufi mai tsini, a tsakaninsu kuma babban rufin ya tashi da gangara mai tsanani, da wata 'yar hasumiya a bisa ƙololuwarsa. Waɗannan tsinaye uku a kan ƙafafun katako su ne siffar da aka san zauren da ita.

A yau

A 1984 hukumar gidan waya ta Jamus ta Yamma ta fitar da kan sarki mai hoton zauren don cikarsa shekara 500. Maɓuɓɓugar ruwan kasuwa ta 1575 tana nan a gabansa.